Kwantaccen asusun banki

Kwantaccen asusun banki shi ne asusun ajiya da mai shi ya daɗe bai saka kuɗi ko ya cire ba, har bankin ya dakatar da hulɗa da shi. Kwanciyar asusu ba ta mayar da kuɗin mallakar banki. Suna nan a matsayin haƙƙin mai su, sai dai ba zai iya taɓa su ba har sai ya tabbatar wa bankin cewa shi ne mai asusun. Lamarin kan shafi ɗalibai da 'yan kasuwa da 'yan ci-rani waɗanda suka buɗe asusu a wata ƙasa suka koma zama a wata.

A Najeriya

Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar da ƙa'idojin kula da irin waɗannan asusai a watan Yulin 2024, bisa dokar bankuna ta 2020. A ƙarƙashinsu, asusun da ya shekara ɗaya mai shi bai yi wata hulɗa da shi ba ya zama kwantacce. Kuɗin ruwa da banki ke zubawa, ko cajin da yake cirewa da kansa, ba a lissafa su cikin hulɗa. Ƙa'idojin sun haɗa da asusun naira da na kuɗin ƙasashen waje kamar dala da fam.

Idan asusu ya kai shekara 10 a kwance, bankin zai miƙa kuɗin ga wani asusun amana da ke hannun CBN. Mai kuɗin ko magadansa na iya neman su ta hannun bankin da aka buɗe asusun, kuma an hana bankuna karɓar ko kwabo don farfaɗo da asusu.

A wasu ƙasashe

Wa'adin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya, dokar 2008 ta ba da damar a karkatar da kuɗin da suka shekara 15 a kwance zuwa ayyukan taimakon al'umma, amma mai su yana da ikon karɓar abinsa duk ranar da ya zo. A Amurka kowace jiha da tata doka, galibi bayan shekara 3 zuwa 5 kuɗin ke komawa hannun gwamnatin jiha ta ajiye su. A Saudiyya ana ɗaukar asusu a matsayin kwantacce bayan wata 24, kuma banki kan dakatar da asusun baƙo idan iƙamarsa ta ƙare ba a sabunta ba.

Nijar da Benin da sauran ƙasashen da ke amfani da saifa ta Afirka ta Yamma suna bin tsari ɗaya: bayan shekara 10 a miƙa kuɗin ga babban bankinsu, BCEAO, idan kuma aka cika shekara 30 ba wanda ya nema, su shiga baitulmalin gwamnati. Wannan ya shafi 'yan kasuwar Sakkwato da ke da ajiya a garuruwan tsallaken iyaka irin su Birnin Ƙonni.

Farfaɗo da asusu daga nesa

Abin da bankuna suka fi nema shi ne takardar buƙata mai sa hannun mai asusun, da shaidar ɗan ƙasa ko fasfo da bai ƙare ba, da shaidar adireshi. A Najeriya ana ƙara lambar BVN, wadda aka ɓullo da ita a 2014, da lambar NIN. A watan Mayun 2025 CBN ya ƙaddamar da tsarin NRBVN, wanda ke ba 'yan Najeriya mazauna ƙetare damar yin rajistar BVN ta intanet ba tare da sun dawo gida ba.

Babban cikas ga matafiyi shi ne layin waya. Bankuna na tura lambar sirri ta wucin gadi zuwa layin da aka yi rajistar asusu da shi, kamfanonin sadarwa kuwa suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a amfani da shi. Wanda ya rasa layinsa ba zai iya shiga manhajar banki ba, kuma saƙonnin asusunsa na iya faɗawa hannun wani. Shi ya sa bankuna ke ba da shawarar a sabunta lamba da adireshin imel kafin tafiya, a kuma riƙa tura kuɗi ko kaɗan ne lokaci-lokaci.

A karkara nisa kan ƙara wahalar. A garuruwa irin su Fakku da ke ƙaramar hukumar Kebbe a kudancin jihar Sakkwato, masu POS ne mafi kusa ga jama'a wajen cire kuɗi da turawa, amma ba su da ikon buɗe asusun da aka dakatar. Wannan aikin bankin ne kaɗai.

Magada

Idan mai asusu ya rasu, magada sukan gabatar da takardar shaidar rasuwa da takardar kotu da ta ba su ikon kula da dukiyar mamaci. Idan asusun yana wata ƙasa, ana iya buƙatar a fassara takardun, ofishin jakadanci ya tantance su. Ajiyar da iyali ba su san da ita ba takan faɗi daga lissafin rabon gado, tunda ba wanda zai neme ta.