Nau'in Fim da Ma'aunin Hukunci a Sharhin Fina-finan Hausa

Sharhin fina-finan Hausa, a jaridu da zaurukan taro da kundayen digiri, ya daɗe yana kewaya tambaya guda: wane darasi fim ɗin ya koyar, kuma ya kiyaye al'ada ko ya keta ta? Tambayar tana da tushe. Wasan kwaikwayon da ya fara shiga gidajenmu ta rediyo da talabijin, irin na Samanja Mazan Fama da su Ƙasimu Yero, makarantar faɗakarwa aka ɗauke shi, kuma tun da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001 zancen tarbiyya ya ƙara kankane fage. Sai dai aikin mai tacewa daban, na manazarci daban. Matsayin wannan maƙala shi ne, ba a gane ƙarfin fim ko rauninsa sai an fara sanin wane iri ne, da abin da ya yi wa mai kallo alkawari, sannan a duba ko ya cika.

'Yan sana'ar ma sun riga malamai rarrabewa. Su ne suka raba fina-finansu gida biyu: santimental, wato na soyayya da rikicin iyali, da kuma camama, na barkwanci.

A fim ɗin soyayya an fi kai hari kan waƙa da rawa, a ce kwaikwayon Indiya ne. Tasirin Indiya ba ɓoyayye ba ne. Brian Larkin ya nuna tun a 1997 cewa abin da ya ja Bakano zuwa fina-finan Bombay shi ne ya ga damuwarsa a ciki, musamman takun-saƙa tsakanin zaɓin iyaye da son zuciya, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya bi diddigin yadda aka ɗauko labarai da kiɗa daga can. Amma gano asalin abu bai zama hukunci a kan ingancinsa ba. A fim ɗin da saurayi da budurwa ba sa taɓa juna, kunya kuma ta hana su furta abin da ke ransu a gaban manya, waƙa ce kaɗai ɗakin da zuciya ke magana. Sangaya, wanda ya fito a 1999 da Ali Nuhu da Fati Muhammad, labari ne na ɗan sarauta da yarinya mai hidima a gidansu, kuma tazarar da ke tsakanin su biyun ita ta ba waƙar aikin yi. Gwajin da ya dace da wannan nau'i mai sauƙi ne: a cire waƙar, a ga ko labarin ya yi giɓi. Da yawa daga cikin fina-finan da suka biyo bayan Sangaya za su faɗi wannan gwaji, domin waƙar ake fara ɗauka saboda tirela da 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai, daga baya a nemo labarin da za a liƙa mata. Rauninsu ke nan na haƙiƙa, kuma mai ƙirga tsawon mayafi ba zai taɓa hango shi ba.

Camama ta fi shan raini, ni kuwa a ganina ita ta fi wuyar yi. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, gwaninta tasa a sanin lokaci take: yaushe zai yi shiru, yaushe zai jefa magana, yaushe zai zare ido. Wanda ya nemi tsararren labari a fina-finansa ya nemi abin da ba a yi masa alkawari ba. Abin tambaya shi ne, an yi dariya, kuma wa aka yi wa? Idan mai mulki ko malamin tsibbu ko mai kuɗin unguwa aka tsokana, barkwancin ya yi aikinsa na gado, irin na 'yan kama. Ɗaurin da aka yi wa Ibro a 2008 kan fim ɗin Ibro Aloko ma ya nuna hukuma ba ta ɗauki camama wasan yara ba. Idan kuwa gurgu ko mai in'ina ko baƙon da bai iya Hausa ba ne kullum abin dariya, to fasaha ta ƙare, an koma abin da ya fi araha. Rashin rubutaccen labari kuma yana sa a ja fitowa ɗaya har dariyar ta huce.

Fim ɗin tarihi nauyinsa wani ne. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kuma gyara shi aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018, matashin yau zai ce ba ya sauri. Amma labarin yaron da aka sace aka ratsa Sahara da shi a zamanin cinikin bayi ba ya son gaggawa. Nisan tafiyar ake so mai kallo ya ji a jikinsa. Sarraounia na Med Hondo, wanda ya fito a 1986 ya kuma ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987, yana da abin suka a wurin mutumin Arewa ta Nijar: a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma sarauniyar Lugu da fim ɗin ke ba da labarinta ba da Hausa take magana a ciki ba. Wannan naƙasu ne, bai kamata a rufe shi ba. Duk da haka fim ɗin ya yi abin da ya fi wuya, ya nuna yadda rundunar mulkin mallaka ta Voulet da Chanoine ta 1899 ta ruɓe daga cikinta saboda zaluncin shugabanninta. Fim ɗin tarihin da ya dace da rawani da sirdi, amma mutanen ciki suna tunani irin na 'yan birnin yau, ya fi wannan faɗuwa nesa ba kusa ba.

Fina-finai masu dogon zango, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina, ƙarfinsu a rainon hali yake, mai kallo ya zauna da mutum shekara da shekaru. Cutar da ke bibiyar nau'in ita ce jan zare, tunda a YouTube yawan mintuna kuɗi ne.

Za a iya cewa wannan hanya ta buɗe wa kowa ƙofar uzuri, kowane darakta ya fake da nau'insa. Ba haka ba ne. Sautin da ba ya fita, da rigar da ta sauya launi tsakanin fitowa biyu, da jarumin da ke karanto magana kamar hadda, aibi ne a ko'ina. Tambayar tarbiyya ma ba a kore ta ba, sai dai ta zo bayan an fahimci abin da fim ke yi. Nuna mugu a allo ba koyar da mugunta ba ne. Ina kira ga sassan Hausa da na aikin jarida a jami'o'inmu da su daina karɓar kundin nazarin fim da ya ƙare a jera jigo da darussa, ba tare da ya ce komai a kan hoto da sauti da haɗa fitowa ba.