Ɗalibi baƙo a Kano: ina aka kai mai masauki?

Jama'a, tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, maganar da ake ta yi ita ce ta kasuwanci da tsaro. Ba kasafai ake tuna yaran da ke sauka a tashar Ƙofar Ruwa da jaka ɗaya da takardar shiga jami'a ba, daga Maraɗi ko Damagaram ko Tawa. Mu da ke zaune a Rijiyar Lemo, bakin titin Katsina, ta gabanmu motocinsu ke wucewa.

Kano ba yau ta fara karɓar baƙin ilimi ba. Kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna Wangarawa sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), kuma daga zuriyarsu ne Madabo ta zama cibiyar karatun fiƙihu. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) Shehu Magili ya zo daga yankin Tuwat na Aljeriyar yau, kuma har gobe Sharifai na danganta kansu da shi. Ka bi sunayen unguwanni ka gani: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi, Dandalin Turawa. Kowacce shaida ce cewa wasu sun zo, aka ba su wuri.

Abin lura shi ne baƙo ba ya shigowa da ka. Akwai fatoma, wato mai masauki. Shi zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka dukiya, ya yi maka tafinta, ya tsaya maka idan rigima ta kai gaban alƙali. Fagge kanta zango ce. Nan ayarin Buzaye ke sauke raƙuma a bayan ganuwa. Mai neman ilimi kuwa malaminsa ne fatomansa. Zauren malam ne makwancinsa, cikin unguwa zai samu uwar ɗaki mai ajiye masa tuwo, sunan malamin kuma shi ne katin shaidarsa. Idan aka ce "almajirin malam wane ne", magana ta ƙare.

Turawa ne suka fara raba wannan. Bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, suka yanka Sabon Gari wajen 1913 don ma'aikata daga Kudu da Saliyo da Gana, aka ware su daga birni. Amma ko a nan ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da coci-coci sun riƙe aikin fatoma ga nasu. Ta fuskar makaranta kuwa, a 1934 Sarki Abdullahi Bayero na kan gado aka buɗe makarantar koyon shari'a da malamai daga Sudan, wadda ta koma SAS a 1947. A cikinta aka fara kwalejin da ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero, daga baya Jami'ar Bayero a 1977. Wato jami'ar tamu ma a zauren da baƙi suka koyar aka haife ta.

To yau fa? Ɗalibin da ya zo daga Nijar, Hausarsa ce ke ruɗar mu. Muna ganin ai ɗan gida ne, ba ya buƙatar komai. Alhali yaron nan da Faransanci ya yi karatunsa tun daga lakwal, ga shi lacca da Ingilishi, malami na zuba kamar ana korarsa. A kasuwa ma sai ya sake koyon lissafi, don a can dala tana nufin sefa 5, jika kuma 1,000, nan kuwa wanda ya manyanta in ya ce jaka, naira 200 yake nufi. Wannan mai sauƙi ne, dariya za a yi a wuce.

Mai wuyar ita ce takarda da ɗaki. Tun Disambar 2020 aka ɗaure layin waya da lambar NIN, banki na neman BVN, kuma yanzu mai shayi ma taransfa yake karɓa. Dillalin gida a Danbare ko Rijiyar Zaki zai nemi kuɗin shekara da la'ada, sannan ya ce a kawo wanda zai tsaya. Wa zai tsaya wa yaron da ya kwana uku a gari? Idan mace ce abin ya ninka, don masu gida da yawa ba sa ba budurwa haya. Wanda ya samu ɗan'uwa a Kurna ko nan Rijiyar Lemo ya huta da haya, amma kullum sai ya hau adaidaita biyu ko uku kafin ya kai sabuwar jami'a a titin Gwarzo.

Sannan ga siyasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. A watannin nan duk ɗalibin da iyayensa ke aiko masa da kuɗi ko gero ta hannun direba ya ji a jikinsa. Yarjejeniyar 1979 da ta ba ɗan ECOWAS damar shiga ba biza har kwana 90, yanzu ɗan Nijar na cin moriyarta ne bisa sanarwar da ƙungiyar ta yi cewa za a ci gaba a haka kafin a yanke wata shawara. Digiri kuwa shekara huɗu ne.

A ganina, a matsayina na wanda ya san yadda fayil ke kwana a kan tebur, ba sai an jira Abuja ba. Ofishin kula da ɗalibai na iya ba baƙo takardar da dillali zai karɓa a madadin mai tsayawa. Masu unguwanni da limamai a Fagge na iya rubuta gidajen da ke shirye su sauki ɗalibi na wata guda kafin ya san gari. Kuma kada mu manta namu yaran na can Maraɗi a jami'ar Maryam Abacha, wasu na Jami'ar Musulunci ta Say, su ma suna neman wanda zai tsaya musu wajen mai gida.