Daga Ƙofar Bebeji zuwa Injin Ban-ruwa

A farkon Fabrairun 1903 rundunar Kanar Morland ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ran 3 ga wata kuma Kano ta faɗi. Cikin makamanta har da bindigar Maxim, wadda Hiram Maxim ya yi wa rajistar mallakar fasaha a Ingila tun 1883. Rajistar ce ta jawo masa jari da masana'anta. Maƙeranmu masu ƙera bindigar toka kuwa, iliminsu bai wuce tsakanin uba da ɗa ba. Tun cire tallafin fetur a 2023, makanikai ke sauya kafiretar injin ban-ruwa ta koma shan gas. Dokar rajistar ƙirƙira ta 1970 tana nan, amma da wuya bakanike ya san ƙofar ofishinta.