Yaƙin Sharar Tokyo

Mu baƙi da karatu ko neman abinci ya kawo mu Tokyo, abu biyu ne ke fara ɗaure mana kai: titi tsaf kamar an lashe, kuma ka yi ta tafiya ba ka ga kwandon shara ba. Mutum zai sha ruwan gora, ya jefa gorar a jaka, ya tafi da ita gida. Sai mu yi saurin yanke hukunci, mu ce ai Japanawa da tsafta aka haife su. Tarihin birnin bai goyi bayanmu ba.

Tun a 1655, lokacin da ake kiran garin Edo, mahukunta suka hana zuba shara a koguna, suka keɓe mata wuri a gefen teku. Ai ba a kafa doka a kan abin da ba a aikatawa.

Babbar fitinar ta zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da arziki ya bunƙasa, shara ta ƙaru, wuraren ƙona ta suka kasa. Daga 1957 aka riƙa jibge ta a wani tsibiri da aka cike a bakin teku, cikin gundumar Koto, mai suna Yumenoshima, wato Tsibirin Mafarki. (Ko wane irin mafarki ne, oho.) A 1965 ƙudaje daga wannan juji suka mamaye unguwannin da ke kusa, har sai da 'yan kwana-kwana da sojoji suka cinna wa tulin sharar wuta.

Mutanen Koto kuwa tura ta kai bango. Akasarin sharar birnin a kansu take sauka, dubban motoci na ratsa titunansu kullum suna ɗigar da ruwan ɗoyi, alhali mazauna gundumar Suginami sun ƙi a gina matoyar shara a unguwarsu. A watan Satumban 1971 gwamna Minobe Ryokichi ya shelanta abin da ya kira yaƙin shara. A 1972, sannan kuma a 1973, mutanen Koto suka tare hanya, suka hana motocin Suginami wucewa. Shara ta taru a ƙofar gidajen masu ita, suka ɗanɗana abin da maƙwabta suka daɗe suna shaƙa. A ganinmu wannan tare hanya ta fi duk wani wa'azin tsafta tasiri. Aka sasanta a 1974, matoyar Suginami ta kammala a 1982, kuma ra'ayin cewa kowace gunduma ta ji da shararta ya samu gindin zama.

Rashin kwanduna labarinsa daban. Ranar 20 ga Maris, 1995, 'yan ƙungiyar Aum Shinrikyo suka saki iska mai guba a jiragen ƙasa na ƙarƙashin birnin. Aka kwashe kwanduna da yawa daga tashoshi don tsaro. Titunan ba su ƙazantu ba, domin zuwa lokacin yara sun saba share ajinsu da hannunsu a makaranta, manya kuma sun saba ware shara, su fitar da kowane iri a ranarsa.

Tsibirin Mafarki kuwa an binne jujinsa, an dasa itatuwa, ya zama wurin shaƙatawa. A can aka yi gasar harbin kibiya a wasannin Olamfik na 2021.