Tarihin Ɗakunan Ibada Biyu na Zariya

Duk wanda ya san Zariya ya san gari ne na tara jama'a. Akwai Birni, mazaunin Hausawa da Filani tun da. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso, ta zarce Kano cikin 1911, sai aka kafa Sabon Gari, Yarbawa da Ibo da sauran mutanen kudu suka sauka, kowa da addininsa. Cikin ɗakunan ibada na wannan gari, biyu ne za mu ba da labarinsu.

Na fari shi ne Masallacin Jumma'a na ƙofar fada. An gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya ci sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin kuwa Muhammadu Durugu ne, wanda ake kira Babban Gwani. Da tubali da azara ya yi aikinsa. Ya ta da ginshiƙai masu kauri, ya ɗaura bakan gizo daga wannan zuwa wancan, yana jera azara yana ɗaurewa, har rufin ya tashi tulluwa tulluwa, ga zane a jikin kowane ginshiƙi. A gefe kuma ya gina zauren shari'a, domin alƙali ya zauna kusa da inda ake salla, mai rantsuwa kuma ya tuna gaban wanda yake tsaye.

Na biyu yana Wusasa. Likita Mila, Baturen Mishan, ya zauna cikin Birni tun 1905, yana magani yana koyarwa, shi ne kuma ya shugabanci juya Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka buga cikin 1932. Da Mishan suka koma bayan ganuwa, sai aka gina majami'ar Bartalamawus cikin 1929. Abin lura, ba a ɗauko fasalin Ingila ba. Ginin ƙasa aka yi, da azara da bakan gizo, irin na magina Hausawa. Watau addini biyu, amma gini iri guda.

To, ginin ƙasa ba ya son sakaci, kowace damina tana cin rabonta, in ba a yi yaɓe ba sai ya zube. Cikin shekarun 1970 aka kewaye tsohon masallacin da sabon gini na siminti. Babban ɗakin salla ya tsira a ciki, amma wani sashe na aikin Babban Gwani ya tafi, har sai da aka gina kwatancinsa a gidan tarihi na Jos.

Saboda haka wajibi ne ga kowane mai riƙe da aikin jama'a, in an kawo masa maganar rushe tsohon gini, ya tsaya ya bincika tukuna. Siminti ana sayensa a kanti, amma ba a sayen Babban Gwani.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.