Larurorin Ɗabi'a da na Girman Ƙwaƙwalwa a Tsakanin Yara 'Yan Makaranta a Masarautar Daura

Gabatarwa

A kowace makarantar firamare, haka kuma a Islamiyya da makarantar allo, akan samu yaron da malamai suka sani da ƙiriniya, ko wanda ya shekara uku a aji bai iya haɗa baƙi da wasali ba, ko wanda ba ya shiga cikin 'yan'uwansa, ba ya kuma amsawa idan an kira sunansa. A al'adance akan kira irin waɗannan yara da sunaye kamar daƙiƙi, ko dolo, ko kangararre, wani lokaci kuma a ce shafar aljanu ce. Ilimin likitanci na zamani ya nuna cewa wasu daga cikinsu suna fama ne da larurorin da suka shafi yadda ƙwaƙwalwa take girma da aiki. Wannan bayani an tanade shi ne domin iyaye da malamai da masu riƙe da sarautun gargajiya a ƙananan hukumomi biyar na Masarautar Daura, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. Manufarsa ita ce a gane cewa bincike shi ke gaba da laƙaba wa yaro suna, suna kuma shi ke gaba da magani.

Ire-iren Larurorin

Ta farko ita ce larurar rashin natsuwa da yawan motsi, wadda likitoci suke taƙaita sunanta da ADHD. Yaron da ke da ita yakan kasa tattara hankalinsa a kan abu ɗaya, yakan yawaita mantuwa da ɓatar da kayan karatu, ba ya iya zama wuri ɗaya, kuma yakan aikata abu kafin ya yi tunani. Bisa ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, ba a tabbatar da wannan larura sai alamun sun ɗauki aƙalla wata 6, sun fara bayyana kafin yaro ya cika shekara 12, ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya kamar gida da makaranta, kuma suna kawo cikas na gaske ga karatunsa ko zamansa da mutane. Bincike ya ƙiyasta cewa kusan yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita.

Ta biyu ita ce otizim, wadda kafafen yaɗa labarai na Hausa suke kira galahanga. Likita Leo Kanner ne ya fara bayyana ta dalla-dalla a Amurka a 1943. Alamunta sun haɗa da jinkirin magana, da ƙin haɗa ido da mutane, da maimaita motsi ko kalma ɗaya, da tsananin damuwa idan aka sauya wa yaro abin da ya saba. Larurar hawa-hawa ce: akwai mai ita da yake kaiwa jami'a, akwai kuma wanda yake buƙatar kulawa tsawon rayuwarsa.

Ta uku ita ce wahalar karatu ko rubutu ko lissafi ga yaron da hankalinsa da wayonsa suke daidai da na tsararrakinsa. Ta huɗu kuma ita ce jinkirin fahimta gaba ɗaya, inda yaro yake baya da sa'o'insa a magana da koyo da kula da kansa.

Yadda Adadin Ya Ƙaru a Duniya

An fi ganin ƙaruwar adadin yaran da ake tabbatar wa waɗannan larurori a ƙasar Amurka. Alƙaluman cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar sun nuna cewa a 2003 kashi 7.8 cikin 100 na yara ne aka taɓa ce wa suna da larurar rashin natsuwa. A 2011 adadin ya kai kashi 11, a 2022 kuma yaran sun kai kimanin miliyan 7. Game da otizim, cibiyar ta ƙiyasta yaro 1 cikin 150 a shekarar 2000, da 1 cikin 36 a 2020, da 1 cikin 31 a 2022.

Masana sun yi ittifaƙi cewa babban ɓangare na wannan ƙaruwa ya samo asali ne daga faɗaɗa ma'anar larurorin, da ƙarin wayewar iyaye da malamai, da yawan tantance yara tun suna ƙanana. Sai dai akwai shaidar cewa wani lokaci ana wuce gona da iri. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2018 ya gano cewa a jihohin da ake rufe ɗaukar 'yan aji ɗaya da ranar 1 ga Satumba, yaran da aka haifa a watan Agusta, waɗanda su ne mafi ƙanƙanta a ajinsu, sun fi waɗanda aka haifa a Satumba samun wannan suna da kusan kashi 30 cikin 100. Ma'ana, a wasu lokuta ƙuruciya ce kawai ake ɗauka larura. Wannan darasi ne ga makarantunmu, inda akan tarar da ɗan shekara 5 da ɗan shekara 9 a benci ɗaya.

Halin da Ake Ciki a Daura

Matsalar Daura da sauran sassan Jihar Katsina ta sha bamban da ta Amurka. A can ana muhawara ne a kan yawan ba yara magani, a nan kuwa mafi yawan yaran da suke da larurar ba su taɓa ganin likita a kanta ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga al'ummar da ta haura miliyan 200, waɗanda suka ƙware a fannin yara kuma sun fi haka ƙaranci, kuma akasarinsu suna manyan birane. Saboda haka yaron da ya gagari iyayensa yakan fuskanci bulala, ko cirewa daga makaranta, ko kai shi gidan mari.

An ga ƙarshen wannan hanya a watan Oktoba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka shiga wata cibiyar gyaran tarbiyya a cikin garin Daura, suka fitar da mutum 67, yara da manya, da dama daga cikinsu da mari a ƙafa da tabon duka a jiki. Wannan ya biyo bayan irin sa da aka yi a unguwar Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na shekarar. Iyaye ne da kansu suke kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare, galibi saboda shaye-shaye ko sata ko rashin jin magana, kuma da niyyar neman gyara. Ba kowane kangararren yaro ne yake da larurar ƙwaƙwalwa ba, amma bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa yaron da ke da larurar rashin natsuwa, idan ba a kula da shi ba, ya fi sa'o'insa haɗarin barin makaranta da faɗawa shan ƙwaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai an san irin iccen.

Akwai kuma sabon haɗari da ya zo da wayar hannu. Iyaye sukan ga bayani a Facebook ko WhatsApp su yanke wa ɗansu hukunci, sannan su nufi kemis su sayo maganin barci ko na mura mai sa maye domin yaro ya lafa. Ya kamata a tuna cewa Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, musamman a Arewa.

Abubuwan da Ke Jawo Su da Masu Kama da Su

Gado yana da babban tasiri a larurar rashin natsuwa da otizim. Bayan shi akwai dalilan da suka fi yawa a yankinmu, waɗanda kuma ana iya kauce wa da yawansu: doguwar naƙuda da ke hana jariri samun iska, da haihuwar bakwaini, da shawarar jarirai da ba a kula da ita ba, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da tamowa, da ƙarancin sinadarin aidin. Gubar dalma ma tana lalata ƙwaƙwalwar yara, kamar yadda aka gani a Jihar Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan da ake haƙar zinariya.

Allurar rigakafi ba ta kawo otizim. Rahoton da ya yi wannan iƙirari a Ingila a 1998 an gano cewa na bogi ne, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, an kuma soke lasisin likitan da ya jagoranci rubuta shi.

Haka nan akwai abubuwan da suke kama da waɗannan larurori alhali ba su ba ne. Yaron da ba ya ji sosai saboda ciwon kunne, ko ba ya ganin allo, ko ya zo makaranta da yunwa, ko ya kwana yana talla, ba zai natsu a aji ba. Akwai nau'in farfaɗiya da ke sa yaro ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da ya faɗi ba, sai a ɗauka shashanci ne. Maganin farfaɗiya na fenobabiton kansa yakan ƙara wa wasu yara ƙiriniya. Maraici da rabuwar iyaye da cin zarafi su ma sukan sauya halin yaro.

Batun Magani

An fara lura da cewa wasu magunguna masu zaburar da ƙwaƙwalwa suna natsar da yara a 1937, ta hannun likita Charles Bradley a Amurka. Wanda ya fi shahara a yau shi ne metilfenidet, da aka fi sani da sunan kasuwa Ritalin. Yana taimaka wa yara da yawa su natsu muddin suna shan sa, amma ba ya warkar da larurar. Yakan rage cin abinci, ya hana barci, ya ƙara bugun zuciya, don haka dole a riƙa auna nauyin yaro da tsawonsa da hawan jininsa. Yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, ba a kuma bayar da shi sai da takardar likita. Ga yaran da ba su kai shekara 6 ba, abin da ake fara yi shi ne horar da iyaye dabarun tarbiyya. Otizim kuwa ba ta da ƙwayar da ke kawar da ita. Abin da ke amfani shi ne koyar da magana da mu'amala tun da wuri. Addu'a da neman lafiya a asibiti ba sa karo da juna.

Matsayin Doka

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta. A watan Janairu na 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan asalin Daura, ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman. A watan Janairu na 2023 kuma ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin masu larura da haƙƙinsu na samun kulawa.

Matakan da Ya Kamata a Bi

Idan iyaye ko malami suka ga alamun da suka daɗe, sai a rubuta abin da ake gani da lokacin da ya fara, a kuma tattauna tsakanin gida da makaranta. Daga nan a kai yaro cibiyar lafiya matakin farko domin a duba ji da gani da jini da yanayin abincinsa. Idan da buƙata za a tura shi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Daura, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware. Ga yaran da aka tabbatar matsalarsu ta ji ce ko ta gani, jihar tana da makarantar kurame a Malumfashi da ta makafi a Katsina.

A cikin aji, malami zai iya zaunar da yaron a gaba, ya riƙa ba shi umarni ɗaya a lokaci guda, ya raba masa aiki ƙanana-ƙanana, ya ba shi hidimar da za ta sa ya motsa kamar share allo, ya kuma yaba masa nan take idan ya yi daidai. Waɗannan ba sa buƙatar kuɗi.

Kammalawa

Ana kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai a faɗin Masarautar Daura da su sa ido a kan duk gidan da aka ɗaure yaro ko aka ɓoye shi, su kuma shawarci iyayensa su kai shi asibiti. Ana kuma jan hankalin masu shagunan magani da kada su sayar wa kowa maganin sa barci domin yaro ba tare da takardar likita ba.