Haƙori, Muƙamuƙi da Asalin Masu Shayarwa

A farkon ƙarni na 19, masu haƙar duwatsu a Stonesfield, kusa da Oxford a Ingila, sun tono wasu ƙananan muƙamuƙai da ba su kai tsawon yatsa ba. A wurin ne kuma aka samo ƙasusuwan Megalosaurus, dinoso na farko da aka raɗa wa suna a 1824. Masanin Faransa Georges Cuvier ya duba ɗaya daga cikin muƙamuƙan, ya ce na dabba mai shayarwa ne. Maganar ta girgiza masana, domin a wancan lokacin an ɗauka masu shayarwa sun zo ne bayan zamanin manyan dabbobi masu jan ciki.

Sai tambaya ta taso: waɗannan halittu dangin wa ne? Ƙashinsu siriri ne, yana ruɓewa, haƙori ne ya fi jure shekaru miliyoyi. Saboda haka da haƙori aka yi rabon. A littattafansa na 1928 da 1929, Ba'amurke George Gaylord Simpson ya tsara su bisa tsinin turamensu: masu tsini uku a jere su ne Triconodonta, masu tsini uku kamar duwatsun murhu Symmetrodonta, masu tsini da yawa layi-layi kuma Multituberculata. Aiki ne na ƙwarai, amma kama da wane ba ta wane. Dabbobin da ke cin abinci iri ɗaya kan yi haƙora masu kama ko da babu zumunci na kusa.

Wanda ya fara dagula lissafin shi ne Morganucodon, ɗan mitsitsi mai girman jaɓa, wanda Walter Kühne ya bayyana a 1949 daga tsagar duwatsun Glamorgan a Wales. Ya rayu kimanin shekaru miliyan 200 da suka wuce, kuma gaɓa biyu ke haɗa muƙamuƙinsa da ƙoƙon kai: sabuwa irin tamu, da tsohuwa irin ta ƙadangare. Ƙasusuwan tsohuwar gaɓar su ne daga baya suka koma cikin kunne, suka zama biyu daga ƙananan ƙasusuwa uku da muke ji da su.

Daga 1963 zuwa 1971, ayarin Foland da Mongoliya ƙarƙashin Zofia Kielan-Jaworowska ya kwaso cikakkun ƙoƙunan kai daga hamadar Gobi, aka daina dogaro da haƙori shi kaɗai. A 1988 Timothy Rowe ya ja sabuwar iyaka: mai shayarwa na haƙiƙa shi ne wanda ya fito daga kakan da ya haɗa masu ƙwai na Ostireliya, masu goyo a jaka da masu mahaifa. Da wannan ma'auni Morganucodon ya koma ɗan uwa na waje, wasu rukunonin Simpson kuma suka wargaje.

Duwatsun ƙasar Sin sun ƙara buɗe ido. A 2005 aka bayyana wani mai shayarwa mai suna Repenomamus da ƙasusuwan ɗan dinoso a cikinsa, a 2006 kuma aka ga Castorocauda mai iyo da Volaticotherium mai shawagi tsakanin bishiyoyi. Ashe ba duka ne ke raɓe-raɓe a rami ba.

Har yau da sauran gardama, musamman a kan wani rukuni mai suna Haramiyida. Wasu masana na sa su cikin masu shayarwa na haƙiƙa, wasu na barinsu a waje. Idan na farkon ne ke da gaskiya, asalin masu shayarwa zai koma baya fiye da shekaru miliyan 200.